Me ya sa masu kuɗi ba su bar Landan ba? Tambayoyi da amsoshi daga Damagaram

Aikina riƙe wa ƴan kasuwa lissafi ne a nan Damagaram, da yamma kuma ina zaman fada kamar kowa. Tun watannin takunkumin da CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta sa wa Nijar a 2023, lokacin da mutum yake da kuɗi a banki amma ba ya iya taɓa su yadda yake so, hirar fadarmu ta koma kan kuɗi da siyasa. Wani dattijo mai harkar wake da riɗi ne ya jefo tambayar da ta sa ni zaman rubutu. Ya ce: "Malam, Ingila ta canja shugaban gwamnati sau biyar daga 2016 zuwa 2024, ta kuma fita daga ƙungiyar maƙwabtanta. Me ya hana masu dukiya kwashe nasu ya nasu?" Daga nan tambayoyi suka yi ta zuwa, daga ƴan kasuwa, daga ɗaliban jami'a, har da ƴan canji. Ga su da amsoshin da na bayar. Duk inda na ce dala, ta Amurka nake nufi, ba tamu ta tamma biyar ba.

Mece ce ma cibiyar hada-hadar kuɗi? Ai kowane gari na da banki.

Kowane ƙauye ma yana da ƴar kasuwarsa, amma ba kowanne ne ayari ke sauka ba. Ku tuna aikin fatoma a Zango. Falke ya taso daga Agadas ko Kano, bai san kowa ba a gari. Fatoma ne zai ba shi masauki, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa idan za a sayi kayansa bashi, in rigima ta tashi ya raka shi gaban alƙali. Jarin fatoma sunansa ne. Ranar da aka ce kayan baƙo sun salwanta a gidansa, ayarin baɗi ba zai sauka wurinsa ba.

Wannan aikin ne Landan da New York da Singapore da Hong Kong da Dubai suke yi wa duniya. Kamfanin Japan mai neman dala, gwamnatin Afirka mai neman rance, mai jirgin ruwa ɗan Girka mai neman inshora, duk a can suke haɗuwa da wanda zai biya musu bukata. Mafi yawansu ba ƴan garin ba ne, kuɗin ma ba na garin ba ne.

Yaya girman Landan yake a wannan harka?

Bankin BIS da ke Basel a Suwizalan yana ƙirga cinikin canjin kuɗi na duniya duk bayan shekara uku. A ƙidayar Afrilun 2022, ana canjin kimanin dala tiriliyan 7.5 kowace rana. Kashi 38 cikin 100 a Birtaniya ake yi, Amurka na da 19, Singapore 9, Hong Kong 7. Dalar da ake saye da sayarwa a Landan ta fi wadda ake yi a New York yawa, alhali kuɗin Amurka ne. Ban da canji, akwai kasuwar inshora ta Lloyd's wadda ta samo asali daga wani shagon shan gahawa wajen 1688, da kasuwar ƙarafa, da ta zinariya.

Fita daga Tarayyar Turai bai karya ta ba?

Ya yi mata rauni, kuma bai kamata a ɓoye ba. An kaɗa ƙuri'ar raba gardama ran 23 ga Yunin 2016, masu son fita suka samu kashi 52. An fita a hukumance ran 31 ga Janairun 2020, wa'adin riƙon ƙwarya ya ƙare a ƙarshen shekarar. Kafin nan, bankin da ke da izini a Landan yana iya yin aiki a duk ƙasashen Tarayyar da takarda guda. Wannan damar ta tafi. A ranar ciniki ta farko ta 2021, wato 4 ga Janairu, cinikin hannun jarin kamfanonin Turai na kusan yuro biliyan 6 a rana ya tashi daga Landan, mafi yawansa ya sauka Amsterdam. Kamfanin bincike na EY ya ƙiyasta cewa guraben aiki kimanin 7,000 da kadarori na kusan fam tiriliyan 1.3 sun koma cikin Tarayyar. Rabon Birtaniya a canjin kuɗi, wanda ya kai kashi 43 a 2019, shi ne ya sauko 38 ɗin da na ambata.

Sai dai an yi hasashen abin da ya fi haka nesa, wasu sun ce har aiki 75,000 na iya tafiya. Kuma abin da ya fita bai taru a gari ɗaya ba: Dublin ta samu nata, Paris da Frankfurt da Luxembourg ma haka. Bango ya tsage, ƙadangaru da yawa suka shiga, ba wanda ya gaji gidan. Har yanzu bankunan Turai suna dogara da gidajen lamuni na Landan, waɗanda ke shiga tsakanin mai saye da mai sayarwa don kada wani ya gudu da haƙƙin wani. Tarayyar ta so janye wannan aiki zuwa gida, amma ta yi ta tsawaita izininsu, na baya-bayan nan har zuwa Yunin 2028.

To, Malam, me ya riƙe sauran?

Alhaji, a nan zan daɗe, don nan ne zuciyar maganar.

Na farko alƙali ne. Yarjejeniyoyin kasuwanci masu ɗimbin yawa a duniya ana rubuta su bisa dokar Ingila, ko da masu yin su ba su taɓa taka ƙasar ba, saboda sun yarda cewa alƙalin ba zai tambayi wa ke kan mulki ba kafin ya yanke hukunci. A Satumban 2019, kotun ƙoli ta ce matakin da firaminista Boris Johnson ya ɗauka na dakatar da majalisar dokoki ya saɓa wa doka, washegari majalisa ta koma zama. Mai dukiyar da ke kallo daga Riyad ko Legas ya ga abin da yake son gani: a ƙasar nan ana kayar da mai mulki a shari'a kuma ya bi. Maƙwabtanmu ma sun ɗanɗana. Wani kamfani mai suna P&ID ya samu hukuncin sasantawa a kan Najeriya wanda da kuɗin ruwa ya kai kusan dala biliyan 11. A Oktoban 2023 babbar kotun Landan ta soke shi, bayan ta gano an samo shi ta hanyar zamba da cin hanci.

Na biyu, ƙofar fita. Gwamnatin Margaret Thatcher ta soke dokar hana fitar da kuɗi a 1979, kuma duk gwamnatocin da suka biyo baya, na kowace jam'iyya, ba wadda ta maido ta. Mutum ba ya ajiye dukiyarsa inda bai tabbata zai iya ɗauka ba. Wannan na gani da idona. A watannin takunkumi na tsaya layi a bakin wani banki tun bayan asuba tare da wani Alhaji da nake yi wa lissafi. Rana ta take muna tsaye, ga motar kayansa na jira, da muka kai kanta aka ce ga iyakar abin da za a iya ba mutum a yau. Bai yi faɗa ba, ya karɓa ya ninke ya sa aljihu. An ɗage takunkumin ran 24 ga Fabrairun 2024, amma har yau ribarsa ba ta ƙara kwana a asusu ba, buhunan wake yake saye ya jibge a sito.

Na uku, taron jama'a. Kasuwa a kai miki dole, in ji Hausawa. Mai sayar da rago yana kai shi inda masu saye suka fi yawa ko da la'adar can ta fi tsada, masu saye kuma suna zuwa don sun san a can raguna suke. Haka banki ke son zama kusa da lauyoyi, da masu binciken lissafi, da ƴan inshora, da masu haɗa manhajar kwamfuta, su ma suna son zama kusa da banki. Gwamnati na iya gina dogayen benaye cikin shekara uku. Tara mutanen da suka san juna, suka san wanda ke cika alkawari da wanda ba ya cikawa, aikin shekaru aru-aru ne.

Sai sa'ar da Allah ya ba ta: Turanci ya zama harshen kasuwancin duniya, kuma agogonta na tsakiya. Da safe tana riskar Asiya kafin a rufe, da rana ta haɗu da New York ana buɗewa.

Ke nan ƴan siyasa ba sa iya ɓata ta?

Suna iyawa ƙwarai, an kuma ga kusan haka. Ran 23 ga Satumban 2022, gwamnatin Liz Truss, ta bakin ministan kuɗinta Kwasi Kwarteng, ta sanar da rage haraji na kusan fam biliyan 45 ba tare da nuna inda za a cike giɓin ba, ba ta kuma bari hukumar da ke auna kasafin kuɗi ta fitar da nata lissafin ba. Cikin kwana uku fam ya faɗi ƙasa da dala 1.04, abin da bai taɓa yi ba. Masu bin gwamnati bashi suka yi ta sayar da takardunsu, asusun fansho na ma'aikata suka shiga haɗari. Ran 28 ga wata Bankin Ingila ya shiga kasuwa yana sayen takardun don tsayar da abin. Aka sauke ministan ran 14 ga Oktoba, ita kuma ta sanar da murabus ran 20. Kwana 49 ta yi a kan kujera.

Abin lura a nan shi ne babban bankin bai jira umarnin kowa ba. An kafa shi tun 1694, amma a 1997 ne aka ba shi ƴancin tsayar da kuɗin ruwa da kansa, ba tare da sa hannun minista ba. Kuskuren ya yi muni, gyaran ya zo da sauri, baƙi suka zauna. Akwai abin damuwa a ciki, kuma ina jin nauyinsa: mutanen da ba wanda ya zaɓe su suna da ƙarfin da za su girgiza gwamnati cikin mako huɗu. Ƙasar da ta zama fatoman duniya ba ta da cikakken iko da gidanta.

Akwai garin da siyasa ta kashe wa kasuwa?

Da yawa. Beirut ce bankin Larabawa har yaƙin basasa ya ɓarke a 1975, harkar ta koma Bahrain, daga baya Dubai. A 2019 bankunan Labanan suka rufe wa mutane ajiyarsu, abin da ya rage na yarda ya tafi. Montreal ce kan gaba a Kanada, da ma Toronto ta fara shan gabanta, sai ƴan a-ware suka ci zaɓen Quebec a 1976, aka yi dokar tilasta Faransanci a wuraren aiki a 1977, manyan kamfanoni suka yi ta ƙaura. Ba a harba bindiga ko ɗaya ba. Kusa da mu, Bankin Raya Afirka ya bar Abijan zuwa Tunis a 2003 saboda yaƙi, bai dawo ba sai 2014. Hong Kong tana tsakiyar nata gwajin: kuɗinta na ɗaure da dala tun 1983, ta koma hannun Sin a 1997, amma bayan dokar tsaro ta 2020 wasu alƙalan Birtaniya da ke zama a kotunta ta ƙoli sun ajiye aiki. Cinikin Sin yana riƙe ta, baƙi na nesa kuma suna ƙara duban Singapore.

Mu ma ba sai an ba mu labari ba. A zamanin Sarki Tanimun, Damagaram ce mahaɗar ayarin da ke tsakanin Kano da Tarabulus ta Agadas da Gat. Fatu da gashin jimina da hauren giwa suna hawa arewa, da bayin Allah da aka mayar haja, wanda shi ma yana cikin tarihin. Tufafi da takarda da makamai suna gangarowa. Faransawa suka ci garin a 1899, aka ja iyaka tsakaninmu da Kano. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kayan da raƙumi ke kaiwa teku cikin watanni suka koma bin Legas cikin kwanaki. A 1926 aka ɗauke babban birni aka kai Yamai. Ganuwa ta rage, fada ta rage, amma hanyar ta kauce.

Me hukumomin Birtaniya suke yi yanzu don kada a wuce su?

Suna sassauta dokoki. A Disamban 2022 an sanar da jerin gyare-gyare a Edinburgh. Dokar 2023 ta ɗora wa hukumomin sa ido nauyin kula da gogayyar ƙasar a duniya bayan aikinsu na tsaro. A Oktoban shekarar aka cire iyakar da aka sa wa ladan ƙarshen shekara na manyan ma'aikatan banki. A Yulin 2024 aka sauƙaƙa sharuɗɗan shiga kasuwar hannun jari, saboda nan ne ciwon yake: ko Arm, kamfanin Cambridge mai zana ƙwaƙwalwar wayoyin hannu, New York ya zaɓa ya sayar da hannun jarinsa a 2023. Da jam'iyyar Labour ta karɓi mulki a Yulin 2024, ba ta rushe waɗannan gyare-gyare ba, ta ɗora a kai. Wannan ci gaban da ake yi duk da canjin gwamnati ya fi kowace doka ɗaya tasiri a wurin baƙo.

Sassautawa ta taɓa yi wa Landan rana. Da Amurka ta sa haraji a kan ba baƙi rance a 1963, harkar ta tsallako Landan, a shekarar aka shirya wa kamfanin hanyoyin Italiya rancen dala miliyan 15 a can. Kamar yadda ƴan kasuwarmu kan sauya hanya ne idan duwan ta tsananta a wata ƙofa. A 1986 kuma aka buɗe kasuwar hannun jari ga bankunan waje. Amma ni ina tsoron wannan hanya idan aka wuce gona da iri. Sakacin sa ido ne ya kai ga 2007, mutane suka yi layi a ƙofar bankin Northern Rock suna neman ajiyarsu, a shekarar da ta biyo gwamnati ta fara zuba kuɗin talakawa a bankin RBS har suka haura fam biliyan 45. Garin da ya jawo baƙi da arhar doka, ranar da gini ya rufta, baƙin ne za su fara gudu.

Amanar nan da kake yabo, cikakkiya ce?

A'a, ɗan'uwa. Venezuela na da zinariya kimanin tan 31 a rumbun Bankin Ingila, an hana gwamnatin Maduro ɗauka saboda Birtaniya ba ta amince da ita ba. A 2022, bayan Rasha ta shiga Ukraine, ƙasashen Yamma sun daskarar da kusan dala biliyan 300 na babban bankin Rasha. Ko me mutum yake gani game da waɗannan gwamnatoci, sauran ƙasashe sun karanta saƙon: ajiyarka na nan muddin ba ka ɓata da mai gida ba. Shi ya sa manyan bankunan ƙasashe da dama suka ƙara sayen zinariya tun daga lokacin.

Ga kuma kuɗin sata. Shekara da shekaru gidajen Landan sun zama maɓoyar dukiyar da aka wawure daga ƙasashe irin namu. A 2012 kotun Landan ta ɗaure James Ibori, tsohon gwamnan jihar Delta, shekara 13, amma kafin nan lauyoyi da bankuna ne suka buɗe wa kuɗin ƙofa. Sai a 2022 aka yi dokar da ta tilasta bayyana ainihin masu gidajen da aka saya da sunan kamfanonin waje. Asibitin da ba a gina ba a Afirka yana cikin ribar wannan gari.

Musulmi na da wuri a kasuwar da aka gina kan kuɗin ruwa?

Hukuncin na malamai ne, su za a tambaya. Abin da zan ce shi ne Landan ta lura da masu gudun riba, ta kuma nemi cinikinsu. A 2014 Birtaniya ta zama ƙasar Yamma ta farko da ta fitar da sukuk, wato takardun zuba jari da aka tsara ba tare da kuɗin ruwa ba, na fam miliyan 200, ta ƙara na miliyan 500 a 2021. Fatoma nagari yakan san abin da baƙonsa ba ya ci.

Ina ruwan ɗan Damagaram da wannan duka?

Je Kasuwar Dole da safe ka tsaya kusa da ɗan canji. Ga damin naira ɗaure da roba a gefe, ga ƴan jaka-jaka a ɗaya gefen, amma ba zai faɗa maka farashi ba sai ya buga waya Wapa a Kano. Na Wapa yana kallon dala. Sefarmu kuma a ɗaure take da yuro, 655.957 kan yuro ɗaya, saboda haka duk motsin da yuro ya yi da dala yana ratsowa har teburinsa, kuma kasuwa mafi girma da ake wannan ciniki ita ce Landan.

Samarinmu da suka tafi haƙar zinariya a Jado tun 2014 sun san dillali yakan duba waya kafin ya ɗora kaya a ma'auni. Farashin da yake dubawa yana bin wanda ake tsayarwa a Landan sau biyu a rana. Ɗanyen man Agadem da ke bin bututu zuwa gaɓar Benin, da farashin Brent, wato man da ake auna sauran ɗanyen mai da shi, ake kwatanta kuɗinsa, shi ma Brent ɗin a Landan ake cinikinsa. Jirgin da ya kawo shinkafa Lome sai da aka yi masa inshora, idan masu inshora suka ce hanya ta yi haɗari, ƙarin yana ƙarewa a kan tiya.

Za a iya gina irin wannan cibiya a Afirka?

Ana gwadawa. Dubai ta nuna wata dabara a 2004: ta ware unguwa guda, ta ba ta kotunanta masu aiki da Turanci bisa tsarin dokar Ingila, don baƙo ya san dokar da za a yi masa hukunci da ita. Maroko ta kafa tata a Kasablanka a 2010, Ruwanda ta biyo baya a Kigali a 2020. Mu ƙasashe takwas masu sefa ta yamma muna da kasuwar hannun jari guda a Abijan tun 1998, babban bankinmu yana Dakar. Nijar da Mali da Burkina Faso sun fita daga CEDEAO a Janairun 2025, amma suna cikin ƙungiyar kuɗin sefa. Duk tsarin da za a zaɓa nan gaba, tambayar da Alhajin nan mai wake zai yi ita ce ko zai iya ɗaukar kuɗinsa ranar da yake so, kuma wa zai raba shi da gwamnati idan suka saɓa.

Damagaram ba ta neman zama Landan. Abin da take iya riƙewa shi ne matsayinta na zangon dabbobi da wake da riɗi tsakanin Sahara da Kano, ga matatar mai ta SORAZ da ta fara aiki a 2011. Wannan ma yana bukatar iyakar da ba a rufewa dare ɗaya, da hanyar Magarya da ta Matamai masu kyau, da bankin da zai ba mai sito rance a kan buhunansa. Ina kuma roƙon manyanmu su sa ido kan layin dogon da aka aza harsashinsa a 2021 daga Kano ta Katsina, domin a Maraɗi zai tsaya.